Yini Ɗaya a Jojiya: Daga Tibilisi Zuwa Mtskheta

Tambaya: Za mu je Tibilisi da maigidana, yini ɗaya gare mu. Ina ya kamata ɗan jagora ya kai mu? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Hajiya, ku yi sammako. Mtskheta, tsohon babban birnin ƙasar, kamar kilomita 20 ne daga Tibilisi. Ku fara da cocin Jvari na ƙarni na 6, bisa tsauni, inda ake hango mahaɗar kogin Aragvi da Mtkvari. Iskar wajen ba wasa, ku riƙe rigar sanyi. Sai ku gangaro babban cocin Svetitskhoveli, ginin ƙarni na 11. Shiga kyauta ne, amma mace za ta rufe kai (mayafinki ya wadatar), namiji kuwa ya cire hula, kuma ba a shiga da gajeren wando.

Da rana ku wuce Uplistsikhe, garin da aka sassaƙa cikin dutse, kusa da birnin Gori. Nan ana sayen tikiti, kuma dutsen na santsi in an yi ruwa, takalmi mai tsini ba zai yi ba.

Abinci ne matsalar. Khinkali, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama a dafa, galibi da naman alade a ciki, kuma ana yawan haɗa ɗanɗana giya cikin tafiyar. Ku gaya wa jagoran tun kafin ku biya kuɗi, ku nemi khachapuri, wato burodi mai cuku, ko lobio, wato wake.