Hular da ka fesa wa azurfa ta fito da layuka

Ka ce min, "Oga na haɗa hular kwanon sojan sararin samaniyan nan da aka buga min gutsu-gutsu da firinta mai 3D, na fesa mata azurfa amma ta ƙi kama da ta cikin fim, roba ce ƙarara ga layuka reras." To yarona fentin ba shi da laifi, kai ne ka yi gaggawa, ka tsallake aikin ka tafi kwalliya.

Ita firintar nan ba sassaƙa take ba, narkar da roba take tana ɗorawa layi kan layi, kaurin kowanne yawanci milimita 0.2, shi ya sa in ka ja farce a jiki za ka ji ƙar-ƙar kamar haƙoran mataji. Shi kuma fenti mai ƙyalli ba ya rufa asiri, tonawa yake, duk wani ɗan rami sai ya haska shi.

Amma azurfar da ka fesa ba asara ba ce gaba ɗaya, za ta yi maka jagora. Ɗauki samfefa mai lamba 120, mai kaushi kenan don lamba na hawa tana ƙara laushi, ka fara gogewa, za ka ga fentin ya tashi a kan tudun layukan ya rage a cikin ramukan, sai hular ta koma zane-zane kamar jikin jakin dawa. Muddin kana ganin zaren azurfa a ciki to wajen bai kwanta ba. Da hannu fa, kar ka sa inji, don na ga robar taka irin wadda ake kira PLA ce, ita kuwa da zafinta ya kai wajen digiri 60 na Salshiyos ta fara laushi, inji zai ɗumama ta ta dunƙule ta cushe maka samfefar ka rasa gane kanta. Kuma kar wani ya ruɗe ka da zancen tururin sinadarin asiton, wannan wata irin robar da ake kira ABS yake narkarwa ta yi sumul, PLA ba haka take ba. Takunkumi a hanci kafin ka fara, ƙurar nan ba ta shaƙa ba ce, balle in ka taɓa gutsuren da aka buga da rezin, wato ruwan robar da ke daskarewa.

Daga 120 ka koma 220, ka kakkaɓe, sai ka fesa firaima, wato fentin share fage, mai kauri irin wadda ke cike rami. Ka bari ta bushe sosai, ba wai ka taɓa da yatsa ka ce ta yi ba. Sannan ka kashe wutar ɗaki ka kwantar da tocila a gefen hular hasken ya bi jikinta a kwance, nan za ka ga abin da ido bai gani da rana, musamman wajen da ka haɗa rabi da rabi a tsakiyar kai. Wannan gaɓar fila take so, irin ta masu gyaran jikin mota, ka shafa kaɗan-kaɗan kar ka lafta, don duk abin da ka lafta kai za ka goge shi. Goge, fesa, haska, goge, ni ina yin zagaye uku har huɗu kuma ban taɓa nadama ba, na ƙarshe da 400 zuwa 600 ana tsoma samfefar a ruwa. A nan ne yara ke gajiya, nan ne kuma hular take zama hula.

Af, na lura da sufa gulu kaɗai ka manne ta. Yana kamawa da sauri amma in ta faɗi tsagewa zai yi, ka bi gaɓar ta ciki da gam mai haɗi biyu. Gaba kuma ka riƙa gwada gutsattsarin da salatif kafin gam ya taɓa su.

Sai fenti. Baƙi mai sheƙi za ka fara sawa, a kansa azurfa take fitowa kamar ƙarfe, ka fesa sama-sama daga ɗan nesa, hannu na tafiya kar ya tsaya ya yi hawaye. Wasu ma garin fensir suke murzawa a kan baƙin da tsumma mai laushi, yana ba da ƙarfe mai duhu mai kyau ƙwarai.

Kuma kar ka bar ta fes kamar daga kwali. Kayan fim da yawa tsofaffin abubuwa ne aka haɗa, mariƙin takobin hasken nan na fim ɗin Star Wars na 1977 ai mariƙin filashin kyamarar Graflex ne, ƙarfe na gaske da ya sha hannu. Ka tsinka baƙin fenti da mai launin ruwan ƙasa da ruwa sosai, ka shafa ya shiga lunguna, ka share saman da tsumma, dattin ya zauna inda datti ke zama. Gefe-gefen da hannu ke taɓawa ka bi da buroshin da ka kusa share azurfar jikinsa tas.

In za ka rufe da fenti mai gani-garau ka gwada a wani gutsure tukuna, yakan kashe ƙyallin azurfa ta koma toka. Kar kuma ka bar ta cikin mota a rana, za ka dawo ka tarar ta karkace. Ka gama zagayen farko ka kawo min ita da tocilar, mu duba gaɓar nan tare kafin ka sake taɓa gwangwanin fenti.