An cire mini mahaifa ina shekara 38: ko zuciyata na cikin haɗari?

Tambaya: Likita, bara aka yi mini tiyata aka cire mahaifa saboda ƙari, ina da shekara 38. Yayata ta ce ɗaukewar al'ada da wuri na kawo ciwon zuciya. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah a Gwammaja, Kano.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Maganar yayarki na kan hanya, amma sai kin fara duba takardar tiyatarki: mahaifar kaɗai aka cire, ko har da ma'ajiyar ƙwai guda biyu? Idan an bar su, jinin al'ada ne kawai ya tsaya, jikinki na ci gaba da samar da istirojin, wato sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa. Idan an cire su, sinadarin ya yanke ne rana ɗaya, shi ya sa wasu ke farkawa tsakar dare jiƙe sharkaf da gumi ko a lokacin hunturu.

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Istirojin na taimaka wa jijiyoyin jini su kasance da laushi. Idan ya ja baya, mugun kitsen jini yakan ƙaru, tumbi ya fito, hawan jini ya lallaɓo. Wani bincike da aka wallafa a 2019, kan matan Birtaniya sama da 144,000, ya nuna waɗanda al'adarsu ta tsaya da kanta kafin shekara 40 sun fi sauran fuskantar cututtukan zuciya da kusan kashi 36 cikin ɗari, waɗanda tiyata ta tsayar da tasu kuwa da kusan kashi 87. Haɗari ne ya ƙaru, ba wai dole ciwon ya same ki ba.

In an cire ma'ajiyar ƙwan, ki koma wurin likitan mata, ko a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ki yi masa maganar maganin maye gurbin sinadarin. Ga mai shekarunki akan ba da shi har zuwa wajen shekara 51, sai dai in akwai cikas kamar kansar nono ko daskarewar jini a jijiya. Don Allah kada ki saya a kemis da kanki.

Ki riƙa auna hawan jini. In yana kai 140/90 a kai a kai, a fara magani. A duba suga da kitsen jini. Rage gishiri da dunƙule a miya, ki riƙa tattaki. Abin da ya fi damuna shi ne mata da yawa na ɗaukar zafin ƙirji olsa ce. In ya zo da haki, gumi ko ciwon muƙamuƙi, a nufi asibiti nan take.