Wainar safiyar 1 ga Oktoba: amsar Baffa ga Ummi

Ummi, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yaran. Saƙonki ya iso tun Talata, amma kin san yadda nake da waya. Sai da na jira ƙaninki ya dawo daga kasuwa, ina faɗa yana rubutawa. In kin ga kuskure, nasa ne.

Kin ce maigidanki ya tambaye ki dalilin da ya sa duk ranar 1 ga Oktoba, ranar 'yancin Najeriya, kike sammako ki toya waina ki raba wa maƙwabta a Kubwa, a kuma yi wa mamatan Aljeriya addu'a, alhali ba mu haɗa dangi da su ba. Kin rasa abin faɗa, sai kika ce haka kika tarar a gidanku na Jos. Kina kuma son sanin ko addini ne ko al'ada, ko in kin bari kin yi laifi. Laifin namu ne, mun ba ku tanda ba mu ba ku labari ba.

Kakanki ne ya fara, kuma a gabana aka yi. Shi ba haifaffen Jos ba ne. Daga ƙasar Kano aka ɗebo shi lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Turawa suka matsu da kuza suka sa sarakuna su turo mutane aikin tilas. Ya sha ba mu labarin sanyin da ya kashe abokan zuwansa a barikin haƙa, mutanen da ba su taɓa sanin irin sanyin dutsen nan ba, ga yunwa, ga ba bargo. Da aka sallame su bai koma ba, ya zauna a Gangare yana sayar da goro. Saboda haka in ana maganar mulkin Nasara ba labari ake ba shi ba.

A unguwarmu wani tela yana da rediyo mai batir. Tun da BBC ta fara sashen Hausa a 1957, zaurensa ya zama majalisa. Mu yara muna raɓe a bakin ƙofa, manya na ciki, wani lokaci kuma a karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo. Nan na fara jin sunan Aljeriya. Abin da ya sa ya shiga ran Baba, wato kakanki, shi ɗan Tijjaniyya ne, kuma Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi aka haife shi, cikin ƙasar Aljeriya, ko da yake a Fas ta Maroko kabarinsa yake. Ga kuma Shehu Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa yadda ake riƙon sarauta. Har yau Sharifan Kano da shi suke danganta kansu. To ga Baba waɗannan mutane ba baƙi ba ne, gidan malamansa ne ke cin wuta.

Bari in ba ki labarin yaƙin kansa, don maigidanki mai boko ne, zai so shekaru. Faransa ta shiga Aljiyas, babban birnin ƙasar, a 1830. Amir Abdulƙadir ya yi ta fafatawa da su har 1847 kafin ya miƙa wuya. Daga nan abin ya bambanta da namu. Mu Ingila ta zo ta ɗora Razdan da D.O. a kan sarakuna, tana karɓar haraji da jangali, amma Turawa ba su zo da iyalansu sun ƙwace gonakin Kano sun zauna ba. Can kuwa zama suka zo yi. Suka ce Aljeriya ba ƙasar mallaka ba ce, yanki ce ta Faransa kamar kowane lardi nasu. Kafin yaƙi ya tashi Turawan da ke zaune can sun kai wajen miliyan 1, Musulmi kuwa wajen miliyan 9, amma ƙasa mai kyau da manyan ayyuka da rinjayen ƙuri'a duk suna hannun 'yan kaɗan ɗin. Wanda ya zo cin kasuwa yana iya naɗe tabarmarsa ya tafi. Wanda ya gina gida ya haifi jikoki a gonarka, fitar da shi sai an ji jiki. Wannan shi ne dalilin da ya sa namu ya ƙare a kan tebur a Landan, nasu ya ƙare a maƙabarta, ba wai mun fi su wayo ko sun fi mu zuciya ba.

Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke murnar gama yaƙi da Hitila, mutanen Setif suka fito da tutarsu suna neman 'yanci. Aka yi harbi, aka kashe Turawa wajen 100, sai soja da Turawan gari suka rama a Setif da Gelma da ƙauyukansu, suka kashe dubbai. Da yawa daga 'yan Aljeriya sun yi wa Faransa soja a wannan yaƙin, suka dawo gida suka tarar da haka. Ahmad Ben Bella ma, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin, tsohon sojan Faransa ne, har da lambar yabo. Shekara 9 bayan nan, daren 1 ga Nuwamba 1954, ƙungiyar mayaƙan neman 'yanci da ake kira FLN ta kai hare-hare wurare da yawa lokaci guda, ƙarfinsu kuwa yana duwatsun Auras. Faransa ta tura soja sama da 400,000. A 1956 suka tare jirgin saman da ya ɗauko Ben Bella da abokansa suka kulle su. A 1957 aka ba Janar Massu da sojan laima birnin Aljiyas, suka bi gida gida, suna gana wa mutane azaba da lantarki da ruwa don su tona asirin 'yan'uwansu. A hannunsu Larbi Ben Mahidi, ɗaya daga cikin shugabannin FLN, ya mutu, suka ce wai shi ya rataye kansa, sai bayan shekaru masu yawa wani janar nasu ya amsa da bakinsa cewa kashe shi suka yi. Suka ja waya mai lantarki a iyakar Tunisiya, suka kwashe mutanen karkara wajen miliyan 2 suka tara su a sansani don kada su ciyar da mayaƙa. Ki tuna kakanki ya san abin da ake nufi da a kwashe mutum daga garinsu. In aka zo nan a labari, shiru yake yi.

Ba zan yi miki ado ba, su ma mayaƙan hannunsu ba fari tas ba ne. Sun dasa bam a wuraren shan shayi inda mata da yara suke, sun kashe 'yan'uwansu da suka saɓa da su, kuma bayan an gama yaƙi an yi wa Harki, wato 'yan ƙasar da suka yi wa Faransa soja, kisan gilla. Baba ya ji wasu daga cikin waɗannan. Shi ya sa ba ya cewa a yi wa jam'iyya addu'a, cewa yake a yi wa mamata.

Abin da ya kawo maganar har ƙofar gidanmu shi ne bam. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Raggan, cikin hamadar Aljeriya. Raggan kuwa a ƙasar Tuwat take, yankin da kabarin Shehu Magili yake. Lokacin hunturu ne, iska daga arewa take busowa, sai tsoro ya kama mutane cewa ƙurar za ta kawo guba. Ina tuna Inna, takwararki, tana rufe randuna da faifai biyu biyu, tana hana mu wasa a waje in hazo ya sauka. Ba mu kaɗai muka tsorata ba. Da Faransa ta sake gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairun 1961, ƙasa tana da wata uku kacal da samun kai.

To ga ranar kanta. Asabar ce, 1 ga Oktoba 1960, ina da shekara 11. An ba mu 'yan tutoci kore da fari a makaranta, za mu je maci. Gari ya ɗauki kiɗa tun dare. Abokan Baba na kasuwa suka ce a kira makaɗa ƙofar gida. Baba ya ce a dakata. Abin da ya faɗa, kamar yadda na riƙe shi: a garinmu in maƙwabci yana zaman makoki, mai biki ba ya fasa aurensa, amma yakan sassauta ganga, ya fara shiga ya yi gaisuwa, ya aika da abinci gidan rasuwa, sannan ya koma shagalinsa. Ya ce mu an miƙo mana tuta da hannu, ga maƙwabtanmu na bayan hamada shekara shida suna binne 'ya'yansu a kan irin wannan tutar. Tun da ba mu iya kai musu akushi, sai mu ba mabuƙatan da ke kusa, ladan ya isa can. Ya sa Inna ta jiƙa shinkafa tun daren jajibiri. Da asuba aka toya waina, aka kira almajirai da malaminsu, aka yi addu'a, aka raba goro. Da hantsi ya ce to, yanzu a buga. Aka kuwa buga har la'asar.

Kin ga ke nan asalin abin haƙƙin maƙwabtaka ne irin na Bahaushe, Baba ya dai faɗaɗa unguwar ne.

Yaƙin bai ƙare ba sai 1962. Janar Digol, wanda Turawan Aljeriya suka taimaka ya dawo mulki a 1958 don ya riƙe musu ƙasar, shi ne ya gane ba ta riƙuwa. Kafin nan, a Oktoban 1961, 'yan sanda sun kashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga a tsakiyar Faris, babban birnin Faransa, har aka jefa wasu a kogi. Aka sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta a garin Ebiyan na Faransa ranar 18 ga Maris 1962, aka yi bikin 'yanci ranar 5 ga Yuli, bayan shekara 132. Aljeriya na cewa shahidanta miliyan 1 da rabi ne, masanan Faransa suna faɗin ƙasa da haka sosai, amma ko nasu lissafin dubban ɗaruruwa ne. Wani abin mamaki, sai a 1999 majalisar Faransa ta yarda a hukumance a kira abin da suna yaƙi. Mun zaci Baba zai bari tunda an gama. Ya ce ai mamaci bai tashi ba.

A hankali kuma ya riƙa ƙara sunaye. Ya ce kada mu ɗauka namu 'yancin kyauta ne: ga Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a Burmi a 1903, ga mutanen Satiru a 1906, ga masu haƙar kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949, ga abokansa na barikin kuza da ba a san kabarinsu ba. Bayan yaƙin basasa aka ƙara da waɗanda ba su dawo ba, ta kowane ɓangare. Ni kuma bayan abin da ya same mu a Jos a Satumbar 2001 na ƙara da namu. Wainar tun zamanin Baba har gidajen maƙwabtanmu Kirista ake kai ta, kuma ban fasa ba ko a shekarun da kai ta ke da wuya.

Maganar addini kuwa, ba ke kika fara ta ba. Bayan an kafa Izala a nan Jos a 1978, mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, yana saurayi mai zafin karatu, ya ce keɓe rana don sadaka ba shi da asali. Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya ce masa ranar ba ta da wata falala, bai ce ibada ce ta musamman ba, ya zaɓe ta ne don ita ce ranar da mutane ke mantuwa. In ranar ce ta dame ka, ka yi taka a wata. Mahaifinki ya koma yin tasa cikin azumi, shekara biyu ko uku, daga baya da ya yi aure na ga ya dawo Oktoba ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Ban taɓa tsokanarsa a kai ba.

Saboda haka ba farilla ba ce, ba kuma sunna ba ce, in kin bari ba ki da zunubi, kuma kada ta zama abin jayayya tsakaninki da mijinki. In ya fi son a ba da kuɗin a gidan marayu ko a biya wa wani magani, ku yi hakan. Waina ce don ita Inna ta iya, kuma ita ke isar mutane da yawa da mudu kaɗan. Abin da nake roƙo ɗaya ne, ki zaunar da yaran kafin a raba, ki gaya musu don wa ake yi.

Gwaggonki ta ce in gaya miki wainar da kika turo hotonta bara ta yi fari da yawa, wai ki bar ƙullun ya kwana sosai, kuma ki daina tsoron mai. Ki gaida maigidan, ki ce masa in ya shigo Jos ya biyo, akwai sauran labarin Abdulƙadir da ban faɗa ba, ƙaninki ya ce yatsunsa sun gaji.

Baffanki, daga Gangare.