Amsa: Mongo ɗin Meteor ya ƙi tashi a editan intanet

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ɗora aikinka na Meteor, wato kayan aikin gina manhajojin intanet, a editan nan da ake buɗewa ta burauza, ka buga `meteor`, ya yi kamar zai tashi, sai ya riƙa rubuta "Unexpected mongo exit code" yana sake gwadawa, daga ƙarshe ya ce "Can't start Mongo server". Kana tambaya ko ka goge komai ka sake daga farko. Dakata tukuna. Ba ka faɗa mana lambar da ta biyo bayan wancan saƙon ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Meteor yana zuwa da nasa rumbun bayanai, MongoDB (Mongo a taƙaice), kuma shi yake tayar da shi a ƙofar (port) da ke bin ta manhajarka. A kwamfutarka manhaja tana 3000, rumbun bayanai yana 3001. Editocin nan da yawa 8080 suke ba ka, to in ka buga `meteor --port 0.0.0.0:8080`, Mongo zai nemi 8081. In ya tarar da wani a zaune a wurin, lamba 48 zai ba ka. Wannan ta taɓa cinye mini dare guda. Na sauke Meteor, na sake ɗorawa, har sau biyu, ashe ni ne da kaina na bar wani Mongo yana gudana a wani shafin taminal da na manta da shi. Da na buga `ps aux | grep mongod` sai ga shi nan zaune abinsa. Na kashe shi da `kill`, aiki ya tashi nan take. Kunya ta hana ni gaya wa abokin aikina har aka kwana biyu.

In lamba 1 ce, fara da duba saitin harshe na injin. Wasu injinan ana ba ka su ba a saita wannan ba, shi kuma Mongo ba ya yarda ya motsa a haka. Buga `export LC_ALL=C`, ka sake gwadawa. In ya yi, saka layin a `~/.bashrc`.

Lamba 100 ita ce mai dogon zance, don ma'anarta sau da yawa ita ce Mongo ya kasa rubutu a `.meteor/local/db`, dalilan kuma daban-daban ne. Fara da `df -h` don ka ga wurin da ya rage a ma'ajiya. Ma'ajiyar da ake bayarwa a irin waɗannan injinan ƙarama ce, shi kuma `~/.meteor` cika yake yi kamar tumbin giwa, kowace sigar da ka taɓa saukewa tana nan kwance. Na sha ganin mutum yana neman matsala a cikin rubutun manhajarsa, alhali ko megabayit ɗaya bai rage masa ba. In akwai wuri, tuna ko ka taɓa buga `sudo meteor`, ko da sau ɗaya. In ka yi, foldar ta koma hannun babban mai izinin injin (root), kai kuma ka zama baƙo a cikin aikinka. `sudo chown -R $USER .meteor/local` zai dawo maka da ita.

Sai kuma fayil ɗin makulli. Editocin nan suna kwantar da injin in ka ɗan jima ba ka taɓa shi ba, ba ruwansu da cewa Mongo yana tsakiyar aiki. Sai ya mutu bai rufe ƙofa ba, ya bar `mongod.lock` a cikin `.meteor/local/db`. An fi shan wannan a sigogin da suka gabaci Meteor 1.4 na 2016, kafin a koma injin ajiya na WiredTiger. Tabbatar babu wani `mongod` da ke raye, kwafi foldar `db` gefe, sannan ka cire makullin. Ni yanzu ba na rufe shafin sai na danna Ctrl da C na ga ya tsaya.

Nan gaba kaɗan wani zai zo ya ce maka `meteor reset` kawai. Yana aiki kam, amma kafin siga ta 3 yana share rumbun bayananka ne gaba ɗaya, ba tambaya ba sallama. Da shi na rasa bayanan gwaji da na yi kusan mako ina shigarwa da hannu. A siga ta 3 sai ka ƙara `--db` kafin ya taɓa rumbun, don haka duba `meteor --version` kafin ka danna.

Abin da na zauna a kai daga baya shi ne na raba Mongo da Meteor. Na tayar da nawa `mongod` da `--dbpath` a wata folda dabam, a ƙofarsa ta asali, 27017, sannan:

`export MONGO_URL=mongodb://127.0.0.1:27017/aikina`

Da zarar Meteor ya ga wannan, ba ya ma ƙoƙarin tayar da nasa. Ka ga rigimar 8081 ta wuce, bayananka kuma sun fita daga hannun `reset`. Amma ka bar shi a 127.0.0.1, kada ka buɗe rumbun da ba shi da kalmar sirri ga duniya. Akwai ɗan abin da za ka rasa. `meteor mongo` zai daina amsa maka, sai dai ka shiga da `mongosh`. Kuma in ba ka saita `MONGO_OPLOG_URL` ba, canjin da aka yi daga wajen manhajar yana iya ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ya bayyana a shafi, don Meteor zai koma leƙawa lokaci-lokaci. A aikin gwaji wannan bai taɓa damuna ba.

Turo mana lambar da kake gani, da abin da `df -h` da `free -m` suka nuna. Na haɗa da na biyun ne saboda in memorin bai kai gigabayit 1 ba, injin da kansa yana iya kashe Mongo ana tsakiyar ginin manhaja, wannan kuma maganinsa daban ne.