Shin Hasashen Na'ura Duba Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero. Ana koya mana yadda ake ɗura wa na'ura dubban bayanai har ta iya hasashen ruwan sama ko cutar da ke jikin mutum. Kawuna ya ce wannan duba ne aka sake wa suna, in bari. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsoron da kawunka ya ji maka yana da tushe, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Sai dai karatunka ba shi ba ne.

Malaman tauhidi sun kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Shehu Sanusi, wanda ya rasu a shekara ta 895 bayan Hijira, ya fassara na al'ada da ƙulla wani abu da wani saboda maimaituwa, tare da yiwuwar ya saɓa. Manomi ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta yi sanyi, ya ce yau akwai ruwa. Bai san gaibu ba, damuna hamsin ya gani. Ɗan kasuwar Dawanau ma haka yake sanin hatsi zai sauko da kaka. To, aikin na'urarku ke nan: ta ƙirga abin da ya sha faruwa, ta rinjayar da zato. Yawan abin da take iya ƙirgawa ne ya fi na manomi, ba wani abu ba. Shi kuwa ɗan duba, ina alaƙar zanen ƙasa da auren wance?

Annabi (SAW) ya yi farin ciki ranar da Mujazziz, mai gane dangantaka ta kamannin jiki, ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama ya ce wannan daga wannan yake. Alama ya bi.

Don haka koyonsa halal ne, aiki da shi halal ne. Amma ka riƙe cewa zato take bayarwa, ba yaƙini ba, kuma Allah ne mai saukar da ruwa, ba hadari ba. Abin da ya fi damuna shi ne a ce na'ura ta nuna wane ɓarawo ne, a kama shi. Ba a hukunta mutum da wannan, sai shaida. Wanda kuma ya yi amfani da ita don cacar ƙwallo, haramcin caca yana kansa.

Ka zauna da kawunka cikin ladabi, ka kawo masa misalin manomin nan.

Wallahu a'alam.