Amsa ga Kawu kan kwalbar wuskin da aka saya da miliyoyi

Kawu, kun tambaye ni ko gaskiya ne an sayar da kwalbar giya ɗaya a kan kuɗin da zai gina unguwa, kuma yaya mu Hausawan birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland muke zama da mutanen da suke girmama abin da addininmu ya haramta. Gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2023 an yi gwanjon kwalbar Macallan, wata giyar wuski ta Sikotland, a Landan, ta tashi sama da fam miliyan 2. An tace giyar a 1926, ta shekara 60 a cikin gangar katako kafin a zuba ta a kwalba a 1986, kuma kwalabe 40 kacal aka samu.

Tsadar tana da dalili. Wuskin da suke ɗauka da daraja shi ne wanda aka yi da sha'ir zalla a masana'anta guda: a jiƙa sha'irin ya yi tsiro, a busar, a dafa, a tace a tukwanen jan ƙarfe, sannan doka ta wajabta ya kwana aƙalla shekara 3 a ganga a cikin Sikotland. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 yakan bi iska, don haka gangar da ta kai shekara 60 ɗan kaɗan ne yake saura a cikinta. Sana'ar ta tsufa, domin akwai ambatonta a takardun baitulmalin sarkinsu tun 1494, kuma a garuruwan bakin kogin Spey za ku tarar da gidan da kaka da uba da jika duk a masana'anta ɗaya suka ci abinci. Yadda Bakano yake ji da marinar Ƙofar Mata, haka suke ji da ita.

Mu dai ba ma sha, ba ma saya wa kowa, kuma idan ɗanmu ya zo karatu yana neman aiki mukan nema masa wanda babu zuba giya a ciki, ko da albashin bai kai ba. Abin da ya fi wuya shi ne kyauta. A daren shiga sabuwar shekara al'adarsu ce maƙwabci ya tsallako ƙofarka da gawayi da biskit da kwalbar wuski, yana yi maka fatan alheri. Wanda ya kawo maka tsohuwar kwalba ya ba ka mafi tsadar abin da yake da shi, saboda haka dattawanmu suka koya mana kada mu ɓata fuska. Mukan karɓi biskit da gawayin da hannu biyu, mu yi godiya, mu bayyana masa cewa addini ne ya hana mu ɗayan.

Maƙwabcina sau ɗaya na yi masa wannan bayani. Tun daga lokacin Irn-Bru yake kawowa, lemon kwalbar da suke alfahari da shi, mu kuma duk Babbar Sallah Hajiya takan aika masa da soyayyen naman layya.