Babe Ruth ko Ohtani: Yaya Ake Gwada Gwanayen Besbol Na Zamani Daban-daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ɗana ne ya koya mini kallon besbol. Shi ya dage cewa ba a taɓa yin kamar Shohei Ohtani ba, wani dattijo maƙwabcinmu kuma ya ce daga kan Babe Ruth an rufe ƙofa. Ni da na duba sai na ga Barry Bonds ya fi kowa yawan hom-ron. Shin ba alƙaluma ne za su raba gardamar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗanka da maƙwabcinka ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, shi ya sa ko za su kwana suna musu ba za su haɗu ba. Dattijon yana maganar wanda ya fi yi wa tsararrakinsa nisa ne. Yaron kuwa yana maganar wanda zai fi iya wasan idan aka tara su duka a fili ɗaya yau. Alƙaluma suna iya amsa ta farko. Ta biyun sai dai kowa ya yi hasashe.

Mu fara da hom-ron ɗin da ka duba, wato bugun da mai sanda ke maka ƙwallo ta tsallake katangar fili. Bonds yana da 762, Hank Aaron 755, Ruth 714. In ka tsaya nan, Ruth ne na uku. To amma a dubi duniyar da Ruth ya tarar. Kafin 1920 ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, masu jifa suna shafa mata yawu da ruwan taba, suna kankare ta, ta riƙa zuwa a karkace. Akwai wani Frank Baker da aka yi wa laƙabi da hom-ron saboda gwanintarsa, alhali a 1913 da guda 12 kacal ya zo na ɗaya a gasarsu. A 1920 aka fara hana shafa wa ƙwallo yawu. A watan Agustan shekarar kuma jifa ta sami Ray Chapman na Cleveland a ka, washegari ya rasu, daga nan alƙalan wasa suka ƙara matsawa wajen canza ƙwallo da zarar ta yi datti. A wannan shekarar Ruth ya buga 54. Wanda ke bi masa, George Sisler, yana da 19. A gasar American League babu wata ƙungiya, in ka cire tasa ta Yankees, da 'yan wasanta duka suka tara abin da shi kaɗai ya buga. Wannan tazarar ce dattijon yake tunawa, kuma yana da gaskiya.

Masana lissafin wasan sun ƙirƙiro ma'aunai don irin wannan matsala. Ɗaya daga ciki shi ne OPS+, wanda ke ɗaukar matsakaicin mai bugu na kowace shekara a matsayin 100, ya kuma yi la'akari da filin da mutum ke wasa, domin ƙwallo ta fi tafiya a birnin Denver mai tudun kusan mita 1,600 fiye da garuruwan bakin teku. A wannan ma'auni Ruth yana da 206 a tsawon rayuwar wasansa, Bonds 182. Amfanin ma'aunin yana fitowa fili idan ka dubi shekara irin 1968, lokacin da masu jifa suka danne masu bugu har Bob Gibson na St. Louis ya gama shekara ana cin sa maki 1.12 kawai a kowane zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa ɗaya, Carl Yastrzemski kuma ya zama zakaran bugu da samun nasara a kashi 30.1 cikin ɗari kacal na lokutan da ya tsaya bugu. Abin ya kai a 1969 aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10. Wanda ya buga kashi 30 a 1968 ya fi wanda ya buga hakan a 1930, shekarar da masu bugu suka danne masu jifa, nesa ba kusa ba.

Sai dai ma'aunin yana da gurgunta, kuma a nan ne nake rabuwa da dattijon. Yana gwada mutum da waɗanda aka bari suka shiga fili ne kawai. Ruth ya yi wasa daga 1914 zuwa 1935, kuma a duk tsawon shekarun nan babu baƙar fata ko ɗaya a manyan gasannin biyu, wato American League da National League. Sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers. Kafin nan baƙaƙe suna da nasu gasannin, inda irin su Josh Gibson da Satchel Paige suka yi tashe. Gibson ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin a buɗe ƙofar. Paige bai samu shiga ba sai 1948, yana da shekara 42, ƙarfinsa ya riga ya fara ja baya, amma duk da haka ya taimaki Cleveland. A 2024 MLB, hukumar da ke kula da manyan gasannin biyu, ta haɗa alƙaluman waɗancan gasanni da nata, sai ga Gibson da kashi 37.2 ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa matsakaicin bugu a tarihi. Ɗan damben da ya kada kowa a garinsu gwani ne, amma idan an hana rabin 'yan damben garin shiga da'ira, dole a yi tambaya.

Ga kuma ƙungiyoyi 16 kawai a zamanin Ruth, babu wadda ta wuce St. Louis ta yamma, ana wasa da rana. Yau 30 ne, 'yan wasa na zuwa daga Jamhuriyar Dominika, Benezuwela, Kuba, Japan da Koriya. Mai jifa a zamanin da yakan jefa wasa tun daga farko har ƙarshe, Cy Young ya yi haka sau 749, don haka mai bugu kan gamu da mutum ɗaya sau huɗu, a na ƙarshen ya gaji. Ohtani kuwa a zagaye na bakwai sabon hannu ake kawo masa, mai jifan da ke wuce kilomita 150 a awa, a na takwas a sake kawo wani. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun da Ted Williams ya buga kashi 40.6 a 1941 ba a sake samun wanda ya kai 40 a gasannin American da National ba. Ba gwanaye ne suka ƙare ba, raunana ne suka ragu, tazarar da ke tsakanin na sama da na tsakiya ta matse. Ɗanka ma ke nan yana da hujja. Sai dai a tuna masa cewa Ruth na yau da zai samu abinci da horo da bidiyon abokan karawa irin na Ohtani, kuma ba wanda zai iya auna abin da zai zama.

Bonds kuwa maganarsa ta zo da ƙura. Ya buga 73 a 2001, a zamanin da ake zargin 'yan wasa da yawa da shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi, kuma MLB ba ta fara hukunci kan gwaji ba sai 2004. Zargin ya sa marubutan wasanni suka ƙi zaɓensa cikin zauren girmamawa na Cooperstown har shekara goma. Tun kafin zargin ya riga ya zama gwani, wannan kam ba musu.

In ka matsa mini in zaɓa, Willie Mays zan ɗauka. Ya fara da Birmingham Black Barons a gasar baƙaƙe, ya shiga New York Giants a 1951, ya yi wasa da farare da baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, ya ratsa shekarun da jifa ta fi ƙarfi, aikin soja ya cinye masa kusan shekara biyu, amma ya bar hom-ron 660 da kyautar tsaron fili 12. Nemi hoton wasan farko na gasar ƙarshe ta 1954 ka nuna wa yaron: Vic Wertz ya maka ƙwallo can ƙuryar fili, Mays ya juya wa kowa baya yana sheƙa gudu, ya cafke ta ta saman kafaɗarsa, ya juyo ya wurgo ta har hularsa ta faɗi.

Ohtani a bar shi ya gama tukuna. A 2022 ya ci wasa 15 da jifa ya kuma buga hom-ron 34, a 2024 ya buga 54 ya saci sansani 59, wato ya ruga zuwa sansani na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. Ruth ma ya haɗa jifa da bugu, musamman a 1918 da 1919, kafin Yankees su ajiye shi a kan sanda. Abin da ya rage a gani shi ne shekara nawa gwiwar hannun Ohtani, wadda aka riga aka yi wa tiyata sau biyu, za ta ɗauki ayyukan biyu.